Ɗana ya ƙi bulumboti, ga hutun haihuwata ya kusa ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana wata huɗu ke nan da haihuwa, kuma tun da ya zo duniya nono zalla yake sha, ko ruwa ban taɓa ba shi ba. Saura mako biyar in koma aiki. Na fara tatsar nono ina zuba masa a bulumboti don ya saba, amma da na kai masa baki sai ya turo shi da harshe, ya kau da kai, ya yi ta kuka har sai na ba shi nono. Na canza bulumboti har sau biyu, duk ɗaya. Wasu sun ce in bar shi da yunwa, idan ta ci shi zai karɓa. Wasu kuma sun ce in sayo kofin yara mai murfi da ɗan baki. Wanne zan bi? Kuma idan ya saba da bulumboti, ba zai guje wa nono ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya raya shi. Wata huɗu na nono zalla ba ƙaramin aiki ba ne, kuma kina kan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke ba da shawara a kai: nono kaɗai har wata 6, daga nan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Nonon da kika tatsa aka ba shi a kofi ko a bulumboti yana cikin nono zalla, don haka komawarki aiki ba za ta ɓata miki wannan lissafin ba.

Bari in fara da shawarar barin sa da yunwa, domin ita ta fi damuna. Kada ki bi ta. Jariri mai jin yunwa ba ya koyon sabon abu. Kuka yake, numfashinsa a sama, abin da ya sani kawai yake nema. Idan aka tura masa roba a wannan halin, abin da zai riƙe shi ne cewa bulumboti da wahala tare suke zuwa, sai gobe ya fara kuka tun daga hango shi. Akwai jariran da kan sallama su sha saboda gajiya, gaskiya ne. Akwai kuma waɗanda za su yini ba su sha ba, ruwan jikinsu ya ragu, ke kuma nono ya cika miki ya ɗaure. Babu dalilin shiga wannan alhali kina da mako biyar a hannu.

Ki fahimci abin da ya sa yake ƙi, hankalinki zai kwanta. A makonnin farko tsotso ba da son ran jariri yake faruwa ba. Duk abin da ya taɓa masa gandar sama zai tsotsa. Wajen wata uku zuwa huɗu wannan halittar takan yi sanyi, tsotso ya koma abin da yaro yake yi idan ya ga dama. Shi ya sa ake gaya wa uwar da ta san za ta buƙaci bulumboti ta fara gwadawa idan shayarwa ta kankama, wajen mako 4 zuwa 6, ta kuma riƙa maimaitawa lokaci-lokaci. Ko waɗanda aka fara musu da wuri ma, wasu sukan juya su ƙi a daidai wannan shekarun na ɗanki. Ban da haka, aikin baki a nono daban, a roba daban. A nono yakan buɗe baki sosai ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon, ya tsotsa na ɗan lokaci kafin ruwan ya sauko, kuma shi ke da iko da saurin zuwansa. Roba kuwa tana da tauri, ba ta da ɗumin jiki, ruwan na zubowa tun bai shirya ba. Turo ta da harshe da yake yi kare maƙogwaronsa yake.

To, yaya za a yi? Abu na farko, ba ke za ki ba shi ba. Yana jin ƙamshinki, ya san nono na kusa, me zai kai shi ga roba? Ki ba mahaifinsa ko wadda za ta riƙa kula da shi, ke kuma ki bar ɗakin, yadda ko muryarki ba zai ji ba. A zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, kamar rabin awa ko awa ɗaya bayan ya sha nono, ko yana farkawa daga barci idonsa bai gama buɗewa ba. A zuba kaɗan, mililita 30 ta isa, don kada nonon da kika wahala kika tatsa ya tafi a banza. A ɗumama shi ta hanyar tsoma bulumbotin cikin ruwan ɗumi, a ɗiga a bayan hannu a ji bai wuce ɗumin jiki ba. Sai a shafa kan robar a leɓensa na sama a jira ya buɗe baki da kansa. Idan ya tauna, ko ya yi wasa da ita, a ƙyale shi, sabo yake yi. Da ya fara ɓata rai a tsaya, ko da bai haɗiyi komai ba. Minti goma sun isa, sau ɗaya ko biyu a rana. Wani yaron ya fi karɓa idan an riƙe shi kamar za a shayar da shi, wani kuma sai an jingina bayansa da ƙirjin mai riƙon, yana kallon waje, ana ɗan zagayawa da shi. A gwada duka. Canza bulumboti kullum kuwa ruɗa shi yake yi. Ki tsayar da guda ɗaya ku yi kwanaki a kansa.

Wani abu da iyaye mata da yawa ba su sani ba: ki ɗanɗana nonon da kika ajiye. Na wasu matan yakan canza ƙamshi bayan ya kwana a firji, ya riƙa bugawa kamar sabulu, saboda wani sinadari da ke cikinsa mai narkar da kitse. Bai lalace ba, kuma ba ya cutarwa, amma wasu jariran ba sa son sa. Ki gwada masa wanda kika tatsa yanzu-yanzu. Idan ya karɓi wannan ya ƙi wancan, kin gano bakin zaren.

Tsoronki na cewa zai guje wa nono yana da tushe, sai dai yawanci saurin zubar ruwan ne ke jawo haka. Yaron da ya saba ruwa na kwararo masa ba tare da ya yi aiki ba yakan ƙosa idan ya dawo nono ya ga sai ya jira. Maganin wannan yana hannun mai ba shi. A yi amfani da roba mai ƙaramar huda, irin ta sababbin haihuwa, kuma kada a ƙara faɗin hudar da allura ko reza. A zaunar da shi kansa a sama, a riƙe bulumbotin kusan a kwance, yadda nono zai cika kan robar kawai ba tare da ya tsiyayo da ƙarfi ba. Bayan 'yan haɗiye-haɗiye a sunkuyar da bulumbotin ƙasa yaron ya huta, sannan a ci gaba. Shan ya ɗauki kamar minti 10 zuwa 20, kusan yadda yake ɗauka a jikinki. Idan ya saki, ya kau da kai ko ya rufe baki, ya ƙoshi. Kada a ce sai ya shanye. Kuma kada a taɓa tokare masa bulumboti da matashi a bar shi a kwance shi kaɗai, domin zai iya ƙwarewa, kuma shan kwance yana ƙara haɗarin ciwon kunne. Kada a zuba garin abinci, sukari ko zuma a ciki. Zuma musamman ba a ba yaron da bai cika shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jarirai.

Yanzu ga abin da nake gani game da halinki ke kanki. Ranar da za ki koma aiki ɗanki yana da wata biyar da 'yan kwanaki, saura ƙasa da wata guda ya fara cin abinci da sha a kofi. Ke nan bulumbotin da ake ta fama a kansa ba dole ba ne. Idan kun gwada mako ɗaya ko biyu cikin lalama bai karɓa ba, ku tsallake shi ku koma ƙaramin kofi marar murfi. Mutane kan yi mamakin jin haka, amma a asibitoci da kofi ake ciyar da jariran da ba su iya kama nono ba, har da bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fi karkata ga kofi, musamman inda tsaftataccen ruwa da wurin tafasa kaya ke wuya, domin bulumboti na da lungu da saƙo inda ragowar nono ke maƙalewa, kuma daga nan gudawa take samun hanya. Kofi kuwa ana ganin cikinsa, wanki ɗaya ya fita tas.

Yadda ake yi shi ne a zaunar da yaro a cinya yana farke sosai, a tallafe kansa, a sa masa ƙyalle a ƙirji. A zuba nono rabin kofin, a ɗora bakin kofin a kan leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen, shi ke nan. Shi zai kurɓa ko ya lasa da kansa. Ba a ɗura masa. Kwanakin farko zubewa za ta fi sha yawa, kada wannan ya karya muku gwiwa. Ƙaramin cokali ma yana aiki, sai dai yana cin lokaci.

Kofin yara mai murfi da baki, wanda aka ce ki sayo, sai yaron ya kai wajen wata shida, yana iya zama da ɗan tallafi yana kai abu baki. Kuma iri biyu ne. Akwai wanda ko an kifar da shi ba ya zuba, saboda wata 'yar roba da ke toshe bakin daga ciki. Wannan yana burge iyaye don ba ya jiƙa kaya, amma yaro sai ya tsotsa kafin ya samu, don haka bulumboti ne aka sauya wa kama, bai koya masa kurɓa ba. Ki nemi wanda idan kika karkata shi ruwa ke ɗigowa da kansa, ko ki cire 'yar robar. Ki ɗauke shi a matsayin mataki na 'yan watanni kafin kofi irin na kowa. Daga wata shida za ki iya ba shi 'yan kurɓin tsaftataccen ruwa lokacin cin abinci. Lemon kwali da duk abin sha mai zaƙi kuwa ba su da wuri a kofinsa kafin shekara, kuma yawo da kofi ana tsotson zaƙi yini guda, ko kwana da bulumboti a baki, su ne ke ruɓar da haƙoran gaba tun suna fitowa. Idan ya karɓi bulumbotin, ki sa a ranki za a raba shi da shi tsakanin wata 12 zuwa 18.

Nawa za ki bar masa? Jariri mai shan nono zalla tsakanin wata 1 zuwa 6 yakan sha kimanin mililita 750 zuwa 800 a dare da rana, wato wajen mililita 30 a kowace awa. Idan za ki yi awa takwas a waje, mililita 250 zuwa 300 za ta wadatar, a raba ta ƙanana, 60 zuwa 120 a kowane sha. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki idan zafin bai wuce digiri 25 ba. In da zafi fiye da haka, a hanzarta sanya shi a sanyi. Yana kwana 4 a firji, a can ciki ba a jikin ƙofa ba, awa 24 a kula mai ƙanƙara, wata 6 a firiza. Wanda aka narkar a yi amfani da shi cikin awa 24, kuma ba a mayar da shi firiza. Ragowar da ya sa wa baki a zubar bayan awa 2. Kada a tafasa shi a wuta, kada a sa shi a na'urar ɗumama abinci, domin takan bar wani gefen da zafin da zai ƙona masa baki. Kayan shan kuwa a wanke su da sabulu da burushi bayan kowane amfani, a riƙa tafasa su na minti 10, a kife su su bushe da kansu.

Kada ki manta da jikinki. Nono gwargwadon yadda ake cire shi yake zuwa, don haka duk shan da aka ba shi ba a jikinki ba, ki rama da tatsa. A wurin aiki ki tatsa kamar kowace awa uku, da hannu ko da na'ura, ki shayar da shi dab da fitarki da kuma da zarar kin dawo. Wasu yaran kan sha kaɗan da rana su jira uwarsu, su rama da yamma da dare. Wannan ba matsala ba ce muddin yana jiƙa kunzugu kamar sau shida a rana, fitsarin ba ja ba, yana da kuzari, nauyinsa na ƙaruwa a awo.

Ki kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba idan fitsarinsa ya ragu sosai, bakinsa ya bushe, maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya son farkawa. Haka nan idan yana tari ko ƙwarewa a kowane sha, ko ya fara ƙin nonon shi kansa, ko kin ga farin abu ya lulluɓe masa harshe da cikin kumatu wanda ba ya gogewa. Ke ma idan wani gefen nonon ya yi tauri da zafi, ga zazzaɓi, ki ci gaba da shayarwa, ki ga likita a ranar.

Idan saura mako guda ki koma, ki fara fita na awa biyu ko uku ki bar shi da wadda za ta riƙe shi, bayan kin nuna mata da hannunki yadda ake karkata kofin da yadda ake tsayawa ya huta. Ki bar mata nono a shirye, ki faɗa mata alamomin nan na sama, kuma ki tabbata tana da hanyar samunki a waya.