Amsa ga ɗan'uwan da ya ce dabarar zane ta ƙafe masa

Ɗan'uwa, ka ce da zarar an kawo maka aiki sai ka buɗe Pinterest ko Behance, shafukan intanet da ake baje hotunan zane, ka yi ta kallo, ka tashi kai ya ƙara cushewa, ga shi fostocinka sun fara kama da na kowa. Kana so ka ji inda mu da muka daɗe a sana'ar muke samo dabara. To ni dai mafi yawan abin da ke ciyar da aikina daga wajen sana'ar yake zuwa, daga kiɗa da titi da abubuwan da hannuna ke taɓawa kullum.

Waɗannan shafuka suna tura maka abin da jama'a suka fi dannawa ne, wato kai da dubban masu zane hotuna ɗaya kuke gani. Kuma gamammen aiki suke nuna maka. Matsalar da mai aikin ya zauna ya warware ba ta cikin hoton, sai ka kwashi launinsa da haruffansa ka bar dalilinsa a can.

Kiɗa ne ya fi koya mini tsara shafi. Ka saurari duk kiɗan da kake so, amma wannan karon ka kasa kunne ga ganga kaɗai. Za ka ji akwai bugun da ke maimaita kansa, shi ke riƙe da komai, sannan lokaci zuwa lokaci makaɗi ya ɗan kauce, kauciyar nan ce ke sa ka ɗaga kai. Akwai kuma ɗan shirun da ke tsakanin bugu da bugu, wanda in ka cire shi kiɗan ya zama hayaniya. Haka shafi yake. Tazarar layuka da girman haruffa su ne bugun da bai kamata ya riƙa sauyawa ba, abu guda da kake so ido ya fara faɗawa a kai shi kaɗai zai kauce, farin filin da ka bari kuwa shi ne shirun. Yawancin fostocin da nake gani ana turowa nan, cikawa ce ke kashe su, kowane lungu an cusa masa wani abu. Abin yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa hannun mai zanen yana da kyau.

Manyan masu zane ma a wannan rijiya suka sha. Paul Klee, wanda ya koyar a makarantar zane ta Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919, gwanin goge ne na Turawa, kuma maganar amo da kari tana cikin darussansa. Piet Mondrian ɗan ƙasar Holan ya yi shekaru yana zana baƙaƙen layuka masu kauri. Da ya koma New York a 1940, kiɗan jaz da tsarin titunan birnin suka shige shi, sai ga zanen Broadway Boogie Woogie da ya kammala a 1943: baƙin layi ya tafi, rawaya ya maye gurbinsa, an yayyanka shi da ƙananan murabba'ai ja da shuɗi kamar ana kirga bugu. Ka nemi hoton ka duba, ba za ka ga ganga ko kakaki ko ɗaya a ciki ba. Tafiyar kiɗan ya ɗauko.

Misalin da na fi so shi ne taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Harry Beck ya zana ta a 1931, aka buga a 1933. Ya lura fasinja ba ruwansa da ainihin nisan tasha da tasha, abin da yake so ya sani shi ne wace tasha ce ke gaba, kuma a ina zai sauya jirgi. Sai ya miƙar da layukan irin na zanen wayoyin lantarki, a tsaye, a kwance, ko a karkace digiri 45. Har yau birane da dama a kan wannan tsari suke. Shi ma maɗaurin Velcro, wato abin mannawa da ɓarewa da ke jikin takalma da jakunkuna, wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya samo shi ne a 1941 daga wata ciyawa irin ƙarangiya da ta maƙale wa karensa, ya duba ta a madubin ƙara girma ya ga ƙananan ƙugiyoyi.

A aikace ga abin da nake yi. Ina ɗaukar hoton duk abin da ya tsayar da ni: allon da na iya karantawa daga cikin mota tana gudu, tsatsa a jikin ƙofa, inuwar taga a bango, kwalin magani. A ƙarƙashin kowane hoto sai na rubuta layi ɗaya na dalilin da ya sa ya tsayar da ni, domin hoton da ba a rubuta masa dalili ba cikon waya kawai yake zama. Launi kuwa daga irin waɗannan hotuna nake tsamo shi a kwamfuta, uku sun ishe ni, da wuya in wuce haka.

Aikin da ke gabanka yanzu, ka rufe intanet tukuna. Ka rubuta a takarda wa zai ga fostar, daga wane nisa, kuma me kake so ya fara karantawa. Ka zana ta da fensir sau uku kafin ka taɓa kwamfuta, sannan ka turo mana su nan mu duba tare.