Wai da gaske firinsifal ɗin Lean on Me ya gyara makarantar?

Tambaya: Salam malam, ni malamin sakandare ne, kwanaki na kalli fim ɗin Lean on Me ya burge ni sosai, to wai da gaske abin ya faru ko dai shiri ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Firinsifal ɗin da ke fim ɗin mutumin gaske ne, makarantar ma tana nan, Eastside High a garin Paterson jihar New Jersey ta Amurka. Joe Clark ya zama firinsifal ɗinta a 1982, ya tarar da ita ƴan ƙwaya da faɗa sun cinye ta, shi kuwa tsohon sajan ne mai horar da kuratan soja, sai ya shigo musu da salon bariki, yana zagaye da lasifika a hannu wani lokacin harda sandan baseball, ya kori ɗalibai wajen 300 tashi ɗaya, ya sa sarƙa ya garƙame ƙofofi don kar dilolin ƙwaya su shigo, wanda hakan ya haɗa shi da hukumar kashe gobara. Duk wannan ya faru, har mujallar Time ta sa shi a bangonta a 1988, gwamnatin shugaban Amurka na lokacin, Ronald Reagan, ma ta yaba masa.

Inda masu fim suka sa gishiri shine ƙarshe. A fim ɗin na 1989 da Morgan Freeman ya fito a matsayin Clark, yara sun ci jarabawa an ceto makaranta kowa na murna. A zahiri tsaro da ɗa'a sun dawo, wannan ba wanda zai ƙwace masa, amma sakamakon jarabawa bai wani motsa ba. Clark ya bar makarantar a 1989, a 1991 kuma gwamnatin jihar ta ƙwace ragamar makarantun Paterson gaba ɗaya saboda gazawa.

Ni abinda yafi tsaya min a rai shine yaran nan da aka kora, fim ɗin bai bi sawunsu ba sai ɗaya da ya dawo yana roƙo. Ai in ka kori masu faɗuwa dole makaranta tai shiru, amma shirun ba shine iya karatu ba malam, wannan sai da ƙwararrun malamai da lokaci mai tsawo, kuma fim baya son abu mai ɗaukar lokaci.

Daga baya Clark ya koma shugabancin gidan kangararrun yara a Newark, ya rasu a Disamban 2020 yana da shekara 82.