Amsa ga Baffa game da tukwanen mutanen da

Assalamu alaikum, Baffa. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ga tambayarku kan hoton da yara suka aiko, inda kuke son sanin abin da ya kai 'ya'yan Musulmi gaban tukwane masu fuskar mutane.

Mu Hausawan unguwar Bronx a birnin Niyok mun saba, idan makarantun boko suka yi hutu, gidaje uku ko huɗu su haɗu su kai yara gidan adana kayan tarihi na Metropolitan. Kallon aikin hannu ne ke kai mu. Akwai dattawanmu da ba sa shiga ɗakin da ke da siffofi, sukan jira a waje, kuma ba wanda yake ganin laifinsu.

Tukwanen da kuka gani na al'ummar Moche ne, waɗanda suka zauna a gaɓar teku ta arewacin ƙasar Peru daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 800 miladiyya, tun kafin Bature Kolumbus ya iso wannan nahiya ta Amurka a 1492. Mutanen nan ba su bar rubutu ba, saboda haka yawancin abin da aka sani game da su daga jikin yumɓu aka karanto shi: masunta cikin kwalekwalen kara, mayaƙa, makafi, har da mace kan gwiwa da unguwarzoma a gabanta. Wasu butocin ma fuskar mutum guda ce takamaimai, domin masana sun bi wani mai tabo a leɓe a butoci da dama, tun yana saurayi har ya zama magidanci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke aikin. Ba su da na'urar juya yumɓu. Da hannu suke gini ko su danna cikin mazubi, su shafa jar ƙasa da fara, sannan su goge da dutse mai santsi har tukunya ta yi sheƙi kafin a gasa. Ranar da na fara gani, magina randa da tulu na garinmu na tuna, kuma a nan 'yata ta fara tambayata wace ce Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan naira 20.

Kun kuma tambaya ko muna saye mu ajiye a gida. Ba ma saye, domin akasarinsu daga kaburbura aka tono su, kamar kabarin Sipan da ɓarayi suka fasa a 1987 kafin hukumomin Peru su farga. Irin wannan wawaso aka yi wa tsofaffin siffofin yumɓu na Nok a Kudancin Kaduna, kuma yaranmu sun san labarin biyun.

A gaida Inna da mutanen gida.