WAEC, NECO, JAMB da hadda duk a shekara ɗaya: ta ina zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a babbar sakandare a nan Sakkwato, ɓangaren kimiyya. Baba ya biya mini WAEC da NECO, jarrabawar gama sakandare, za a kuma saya mini fom ɗin JAMB, ta neman shiga jami'a. Ƙarfe biyu muke tashi makaranta, a ɗora da lesin har la'asar, daga nan in wuce islamiyya, saura mini izu tara in kammala hadda. In na dawo ga aikin gida. Sai wajen sha ɗaya na dare nake buɗe littafi, in kai ƙarfe biyu, da safe in nemi abin da na karanta in rasa. Kaina kullum cikin ciwo yake. Baba ya ce likitanci zan cike a Jami'ar Ɗanfodiyo, ni ma ina so, amma Fizis yana ba ni wuya. Yayata ta yi JAMB sau biyu ba ta samu gurbi ba, abin yana tsorata ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa a sauke lafiya.

Karatun daren nan shi ya fi damuna a duk abin da kika lissafa. Yarinyar da ta tashi tun asuba, ta wuni a aji, ta yi lesin, ta ba da hadda, ta wanke kwanuka, in ta buɗe littafin Fizis ƙarfe sha ɗaya, ido ne kawai ke bin layi. Masana barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kwana, ke kuwa bisa lissafinki ko huɗu ba kya cikawa. A cikin barcin ne kuma ƙwaƙwalwa ke tattara abin da aka zuba mata da rana ta adana shi. Don haka mantuwarki ba daƙiƙanci ba ce. Ki riƙa kwanciya kafin goma. Karatun ki mai da shi bayan sallar asuba, ko da minti 45 ne, ki haɗa da yammacin Alhamis da Juma'a da ba a zuwa islamiyya, da abin da ya samu na Asabar da Lahadi. Awannin za su ragu, na sani, amma abin da zai zauna miki zai ƙaru.

Sai ki daina kallon abin nan a matsayin karatu uku. Manhajar WAEC da ta NECO da ta JAMB kusan ɗaya ce, salon tambayar ne ya bambanta. Kuma darussan da kika yi rajista ba nauyinsu ɗaya ba. Mai neman likitanci ana so ya kawo kiredit, wato daga A1 zuwa C6, a darussa biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, kuma jami'o'i da yawa a wannan kwas ba sa karɓar haɗin sakamako biyu, sai zama ɗaya. Huɗu daga cikin biyar ɗin su ne za ki rubuta a JAMB. Nan ne ƙarfinki zai tafi. Sauran darussan ki riƙe su da abin da ake yi a aji da bitar ƙarshen mako, ya isa.

Amma ki lura da Lissafi. Tun da ba ya cikin haɗin JAMB na likitanci, ɗalibai sukan jingine shi tun Janairu. JAMB yawanci a Afrilu take zuwa, WAEC na bin bayanta ba tazara, NECO ta ɗora daga Yuni. Sai mutum ya fito da maki mai kyau a JAMB, Lissafi ya ba shi D7, shekara ta tafi. Kada kwana biyu su wuce ba ki warware tambayar Lissafi ba, balle ma rabin wuyar da Fizis ke ba ki daga can ta samo asali.

Yadda za ki yi karatun kuwa kin riga kin iya, a islamiyya kika koya. Ba wanda ke hadda da kallon shafi kawai. Rufe Alƙur'ani kike ki kawo da ka, inda kika sarƙe a gyara miki, gobe ki yi tilawarsa, bayan mako ki sake. Haka za ki yi wa Bayoloji da Kemistiri: karanta babi, rufe littafi, ɗauki farar takarda ki rubuta abin da kika tuna, ki zana zuciya ko ƙoda da ka ki sa sunayen sassanta, sannan ki buɗe ki ga me ya kuɓuce.

Fizis shi ba ya haddatuwa, sai da biro a hannu. Ɗauki misali: an saki dutse daga tsawon mita 20, an ba ki g, wato ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa ƙasa a kowace daƙiƙa, a matsayin 10, ana tambayar daƙiƙa nawa zai yi kafin ya taɓa ƙasa. Wadda ta haddace ƙa'ida kawai sai ta tsaya tana laluben wadda za ta ɗauko. Wadda ta saba warwarewa, da ta ga kalmar "an saki" ta san gudun farko sifili ne, 20 daidai yake da 5 (rabin g) sau t sau t, t kuwa shi ne lokacin, amsa daƙiƙa 2. Ko a ba ki gudun mota kilomita 72 a awa, ki manta ki mai da shi mita 20 a daƙiƙa, duk aikin ya rushe alhali kin san hanyar. Irin waɗannan ƙananan wuraren ne ke cinye maki. Ki samu littafin tsofaffin tambayoyi, ki riƙa yin goma a zama ɗaya, ki ware ƙaramin littafi ki rubuta duk wadda kika faɗi da dalilin faɗuwar. Ranar Lahadi wannan ƙaramin littafin za ki bi, kafin kowane littafi.

JAMB kuma tsere ce da agogo. Tambaya 180 ce a awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. In kika raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. Wadda ta tsaya miki ki wuce ta, ki dawo daga baya, kuma kada ki bar ko ɗaya ba amsa. In ba ki saba da kwamfuta ba, ki zaɓi jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa tun lokacin rajista, ki roƙi wani a gida ya sa miki manhajar gwaji a waya ko kwamfuta. Littafin labarin da suke ɗorawa a Turanci ki karanta shi da kanki, kada ki dogara da taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp.

Zancen hadda, ni ba na cikin masu cewa a ajiye ta. Abin da nake ba da shawara shi ne ku je da Inna wurin malaminku, a nemi ya rage miki ƙari na wata uku ko huɗu, ki tsaya kan tilawar abin da kika riga kika riƙe. Izu taran nan suna jiranki bayan NECO, lokacin da ba ki da aikin komai sai jiran sakamako. Malaman tahfizi sun saba da irin wannan roƙon, ba ke ce farau ba.

Yanzu maganar yayarki. Ban san makinta ba, amma da yawa daga waɗanda ke zaman gida ba jarrabawa ce ta kayar da su ba, takardu ne. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kuma sunan da ranar haihuwar da ke NIN su za su hau fom ɗinki. In a can an rubuta Aishatu Mohammed, a WAEC kuma Aisha Muhammad, gara a gyara tun yanzu. Layin wayar da za a yi rajista da shi ya zama naki ko na gida wanda ba zai ɓata ba. Ki je cibiyar da JAMB ta amince da ita da ƙafarki, kafin ki bar wurin ki karanta takardar da aka buga miki, ki tabbatar kwas da darussa huɗun su ne kika faɗa. Bayan sakamakon WAEC ko NECO ya fito dole a ɗora shi a shafin JAMB, in ba haka ba tsarin CAPS, wanda ta nan ake ba da gurbi tun 2017, ba zai san kina da kiredit ba. Sai tantancewar jami'a ta biyo baya da nata fom ɗin da nata wa'adin. In gurbi ya fito, ke za ki shiga CAPS ki karɓa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo miki gurbi ta bayan fage, ku rabu da shi.

Likitanci kuwa gaskiyarsa ita ce kujerun ƙidayayyu ne, domin hukumar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo kowace shekara na shiga jami'a ne gaba ɗaya, na likitanci yana can sama da shi nesa. Kina da sauƙi ɗaya: jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankin jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilmin boko, kuma 'yar Sakkwato a Ɗanfodiyo tana iya shiga ta kowace ƙofa. Sai dai 'yan Sakkwato masu neman kujerar su ma ba kaɗan ba ne.

Saboda haka a yi magana da Baba tun kafin sakamako, lokacin da rai bai ɓaci ba. In ba za ki iya tunkararsa ba, Inna ko wani kawu da yake jin maganarsa ya faɗa masa: za ki cike likitanci, za ki yi iyakar ƙoƙarinki, amma in maki bai kai ba a yarda ki canza kwas a shekarar maimakon zaman gida. JAMB tana ba da damar canjin bayan sakamako. Da waɗannan darussa huɗun dai ana neman haɗa magunguna, aikin jinya, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton asibiti da likitancin dabbobi, duk kuma ana yin su a Ɗanfodiyo. Akwai kuma IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda ake shiga aji biyu na jami'a da sakamakonta. Ku sani kuma yawancin jami'o'i wanda ya sa su zaɓin farko suke dubawa, don haka zaɓi na biyu ba abin jingina ba ne sosai.

Aikin gida ki roƙi Inna a raba da ƙanne zuwa Yuli. Ciwon kan kuma, ki gyara barcin, ki yawaita shan ruwa, musamman da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40 a garin nan, kada kuma ki fita makaranta ba ki karya ba. In an yi mako biyu bai sauka ba, ko kina ganin rubutun allo dishi-dishi, a kai ki asibiti a duba ido da jini, ki daina haɗiyar Panadol kullum. In kuma kin ga abinci ya fita ranki, ko kuka na zuwa miki ba dalili, ki gaya wa Inna ko malamar da kika fi sakewa da ita a ranar.