Tambayi Likita: Baba ya daina gane mu, da ya sha kunu ya dawo daidai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 68, kuma shekara tara ke nan da aka gano yana da ciwon suga. Yana shan ƙwayoyinsa safe da yamma, ba ya fashi. Wata Talata ya sha magani da sassafe ya tafi gona bai karya ba, ya ce zai dawo kafin rana ta yi zafi. Wajen ƙarfe 11 aka kawo shi a kan babur, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana magana kamar harshensa ya yi nauyi. Ya zagi Innarmu, abin da bai taɓa yi ba, ya kalli jikansa ya ce ɗan wane ne wannan. Maƙwabciyarmu ce ta ba shi kunu mai sukari, mu kuwa muna ta hana ta, tunda an ce sukari guba ne a gare shi. Cikin rabin awa ya dawo hayyacinsa, bai kuma tuna komai ba. Karo na uku ke nan a bana. Wasu sun ce gamo ya yi a gona, wasu sun ce gigin tsufa ne ya fara. Me ke damunsa, kuma zai taɓa masa ƙwaƙwalwa? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka wa maƙwabciyarku da alheri, domin kunun nan da kuka yi ta hanawa shi ya dawo muku da shi. Ban ga Baba ba, ban gwada jininsa ba, amma yadda kika tsara labarin, daga shan magani, fita ba kari, aikin gona, gumi, ruɗewa, har zuwa warwarewa bayan shan abu mai zaƙi, duk hanya ɗaya suka nuna: sugansa ne ya faɗi ƙasa, ƙwaƙwalwarsa ta shiga yunwa.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin babban mutum ba, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma abincinta na yau da kullum sukarin cikin jini ne, wajen giram 120 a yini. Tsoka in ta rasa sukari tana iya juyawa ta ƙona kitse. Hanta tana da ajiyar da take fitarwa tsakanin abinci da abinci. Ƙwaƙwalwa kuwa hannu baka hannu ƙwarya take yi, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Ɗan abin da take ajiyewa ba ya kai ta ko'ina. Shi ya sa in sukari ya yi ƙasa, ita ce farkon mai kuka.

Mutum mai lafiya yakan wuni da azumi bai ruɗe ba, saboda da sukari ya fara sauka jiki zai rage insulin ɗin da yake fitarwa, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, ya umarci hanta ta buɗe rumbunta. Ƙwayoyin suga irin su glibenclamide, wanda mutane da yawa suka sani da Daonil, aikinsu shi ne tilasta wa jiki ya yi ta fitar da insulin, an ci abinci ko ba a ci ba. Allurar insulin ma haka take, in ta shiga ta shiga. To ki duba ranar nan ta Talata. Baba ya sha magani, ciki ba komai, ga fartanya a hannu tsokoki suna ta zuƙe ɗan sukarin da ya rage. Ana kwasa ta ko'ina, ba a zubawa.

A na'urar gwajin suga ta gida, mai lafiya da bai karya ba yakan nuna tsakanin 70 da 99. In lamba ta sauka ƙasa da 70 suga ya yi ƙasa, in ta kai ƙasa da 54 an shiga haɗari. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke lissafi, a nan lambobin su ne 3.9 da 3.0. Da farko jiki yakan buga ƙararrawa: gumi mai sanyi, rawar hannu, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, wani ya ji leɓɓansa suna masa wani iri. In ba a ci komai ba sai ƙwaƙwalwa ta fara gazawa, kuma ba duka take gazawa lokaci guda ba. Aikin da ya fi laushi shi ke fara lalacewa. Lissafi ya gagara, mutum ya ƙirga canji sau uku bai daidaita ba, ya karanta layi ɗaya ya kasa wucewa, a yi masa tambaya ya daɗe kafin ya amsa. Sannan linzamin da ke riƙe da harshe da ɗabi'a ya saki. Mai kunya ya yi rashin kunya, mai haƙuri ya hau faɗa, wani ya fashe da kuka ko dariya ba dalili. Daga nan gani ya rabu biyu, magana ta harɗe, tafiya ta zama ta tangaɗi kamar ta mashayi. In aka ci gaba, jijjiga irin ta farfaɗiya, sai suma.

Don haka ina roƙon ki zauna da Inna ki faɗa mata cewa zagin nan ba daga zuciyar Baba ya fito ba, kuma ba wani abu ne da ya daɗe yana ɓoyewa ya suɓuce masa ba. Na sha ganin matan da irin wannan kalma ta zauna musu a rai shekara da shekaru. Rashin tunawarsa ma ba ƙarya yake ba. Sashen ƙwaƙwalwa da ke rubuta sabon abin da ya faru yana cikin waɗanda suka fi jin jiki in sukari ya yanke, abin da ba a rubuta ba kuwa ba a tuno shi.

Lokacin da nake aikin dare a ɗakin gaggawa, an taɓa kawo mana wani dattijo, 'ya'yansa uku sun riƙe shi, an ɗaure masa hannuwa da rawaninsa saboda duka da yake kaiwa. Tun magariba ake masa turare da tofi a gida, har ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa goshinsa ta ji sanyi da danshi, ta tambaya ko yana shan wani magani, babban ɗan ya zaro ƙullin leda daga aljihu. Muka huda yatsa, na'ura ta nuna 31. Muka tura masa ruwan sukari ta jijiya. Kafin mu gama ya buɗe ido, ya dubi hannuwansa, ya dubi 'ya'yansa, ya ce a hankali, "Wa ya ɗaure ni?" Sannan ya nemi hularsa. Har yau in na tuna yadda ƙaramin ɗansa ya juya wa bango fuska yana share hawaye, nakan ji abin a raina. Da sun ƙara kwana a gida, da wani labarin ake yi.

Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. Amma mai ciwon suga da ke shan magani, duk ranar da ya canza hali farat ɗaya, a fara huda yatsarsa kafin a ce gamo ne. In babu na'ura kusa, a ɗauka sugan ne ya faɗi a ba shi zaƙi. Ko da an yi kuskure sugan a sama yake, cokali uku na sukari ba za su yi masa wata illa a ranar ba. Hawan suga yawanci a hankali yake ɓarna, faɗuwarsa kuwa cikin awoyi take iya halaka mutum. Gigin tsufa kuma ba ya zuwa da hantsi ya tafi kafin azahar don an sha kunu, wata da watanni yake ɗauka yana shigowa. Abu ɗaya da nake so ki kiyaye shi ne shanyewar ɓarin jiki, don faɗuwar suga na iya kwaikwayonta, har baki ya karkace ko hannu ya mutu. In an ba da sukari, lamba ta hau, amma maganar ko hannun bai dawo ba, a garzaya asibiti a lokacin.

Game da ko zai taɓa masa ƙwaƙwalwa: faɗuwar da aka tara da wuri, kamar waɗannan ukun, galibi ba ta barin tabo. Sai dai ko bayan lamba ta dawo daidai, kai yakan ɗauki kusan awa guda kafin ya washe sarai, shi ya sa a Ingila ake umartar direba mai ciwon suga ya jira minti 45 bayan sugansa ya daidaita kafin ya ci gaba da tuƙi. Kada Baba ya hau babur yana farfaɗowa. Wadda take kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ita ce mai zurfi da ta daɗe, mutum ya sume awoyi ba wanda ya sani, kamar cikin dare ko shi kaɗai a gona. Irin wannan wani ya tashi da mantuwa ko nakasa, wani ba ya tashi. Akwai kuma wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, wanda ya bi tsofaffi masu ciwon suga fiye da 16,000, ya ga waɗanda faɗuwar suga ta taɓa kai su asibiti sun fi saura kamuwa da gigin tsufa daga baya, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan faɗuwar. Abin yana tafiya ta fuska biyu, don wanda mantuwa ta fara kamawa shi ne zai sha magani sau biyu ko ya manta bai ci abinci ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne "karo na uku". In suga yana yawan faɗuwa, jiki yakan saba, ƙararrawar nan ta gumi da rawar hannu ta yi rauni, sai mutum ya faɗa cikin ruɗewa kai tsaye ba gargaɗi. Tsufa ma yana rage ta, wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna rufe ta. Wanda ya ruɗe kuma ba ya iya ceton kansa, yana ma iya ture kofin da aka miƙa masa ya ce lafiyarsa ƙalau. Ki tambayi Inna ko yana tashi cikin dare jiƙe da gumi, ko yana mugun mafarki, ko yana wayar gari da ciwon kai. In haka ne, yana faɗuwa cikin barci ma. Abin farin ciki, in aka yi 'yan makonni ba a bar sugan ya faɗi ba, gargaɗin yakan dawo.

Ga abin yi in ta sake faruwa kuma yana iya haɗiya. A dama cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a rabin kofin ruwa, ko a ba shi babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo, ba irin wanda aka rubuta babu sukari ba. A jira minti 15 a gwada, in bai haura 70 ba a maimaita. In ya dawo, ya ci abinci mai riƙe ciki, tuwo ko burodi ko fura, in ba haka ba zai sake sauka. In kuwa ya sume ko yana jijjiga, kada a ɗura masa komai, kada a cusa cokali a bakinsa, don ruwan zai iya wucewa cikin huhunsa. A kwantar da shi a gefensa a ɗauke shi zuwa asibiti, a faɗa musu tun daga ƙofa cewa mai ciwon suga ne, a kuma tafi da ledar maganinsa. In glibenclamide yake sha, ko ya farfaɗo a bari su riƙe shi, don maganin yana daɗewa a jiki, mutum na iya warwarewa da rana ya sake zubewa da dare.

Kada ya bar magani da kansa, amma cikin makon nan ku koma wurin likitansa ku ba shi labarin karo ukun dalla-dalla. Maganin da ya dace da shi yana da shekara 59 ba lallai ya dace da shi yana 68 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a jerin muhimman magungunanta cewa glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta fifita wani maganin suga mai suna gliclazide. Maganin suga metformin shi kaɗai kuwa da wuya ya kayar da suga haka. A gwada masa ƙoda, don in ta yi rauni magani yakan taru a jini. A kuma faɗi gaskiya in yana haɗawa da jiƙe-jiƙe irin su garafuni, shuwaka ko maɗaci, domin iyayenmu da yawa suna yi ba sa faɗa. Kafin azumi ya zo a sake zama da likita a tsara. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi, kuma in lamba ta sauka ƙasa da 70 a karya azumin da abu mai zaƙi nan take, ko da saura minti goma a kira salla. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara.

Daga yanzu Baba ba zai haɗiyi ƙwaya ba sai ƙwaryar koko tana gabansa, ba zai kuma tafi gona shi kaɗai ba. Ki ƙulla masa ƙwayar sukari huɗu ko dabino a aljihun rigar gona, ki ajiye wasu kusa da shimfiɗarsa, ki rubuta a 'yar takarda cewa yana da ciwon suga tare da lambar wayarki, ya riƙa yawo da ita. Wanda ke raka shi gona ma ki koya masa alamomin. In kun dawo daga asibiti ki sake rubuto mini sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwali, da abin da gwajin ƙodar ya nuna. Ki gaishe mini da Baba da Inna.