Kwana a tanti, yawo a ƙafa: za a iya ganin Faris haka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, ina karatu a Jamus. Ni da abokaina biyu muna son zuwa birnin Faris a hutun watan Agusta, amma kuɗin otal ya fi ƙarfinmu. Wani Bajamushe ɗan ajinmu ya ara mana tanti, ya ce haka su suke hutunsu. Ɗaya daga cikinmu ya ce mu kafa shi a kowane lambu muka samu a cikin gari, ɗayan kuma ya ce birnin ya yi girman da ƙafa ba za ta iya da shi ba. Kwana huɗu muke da su, kuma babu mai jin Faransanci a cikinmu. A ba mu shawara.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Fara gaya wa mai maganar lambu ya bar ta. Doka ta hana kafa tanti a lambunan Faris, yawancinsu ma rufe ƙofofinsu ake yi da dare, kuma ɗalibin da ke zaune da takardar izini ba ya buƙatar abin da zai haɗa shi da 'yan sanda. Akwai wurin da aka tanada don masu tanti, sunansa Camping de Paris, a cikin dajin Bois de Boulogne da ke yammacin birnin, a bakin kogin Seine. Akwai banɗaki, wurin wanka da ɗan kanti. Ku kama wuri ta intanet tun yanzu, domin Agusta lokacin cunkoso ne. Fasfo da katin zama su kasance a jikinku kullum, kada a bar su a tanti. Tanti ba ɗaki ba ne, zif ne kawai ƙofarsa.

Shi kuma abokinku na biyu bai yi daidai ba. Faris ɗin da ake zuwa gani ƙarama ce, duka birnin bai wuce murabba'in kilomita 105 ba, kuma mafi yawan abin kallo yana jere ne a gaɓoɓin kogi biyu. Abin da zan hana ku shi ne fara tafiyar daga bakin tanti. Daga can zuwa Porte Maillot, inda gari ya fara, tafiyar kusan awa guda ce a cikin itatuwa, ku ƙarar da ƙarfinku ba ku ga komai ba. Akwai bas da ke kai mutane, ku hau. Da dare kuwa kada ma ku yi tunanin ratsa dajin nan a ƙafa, ya yi ƙaurin suna da harkokin da ba naku ba.

Bambancin mai tanti da mai otal shi ne mai otal yana iya komawa ɗaki da azahar ya miƙe ƙafa. Ku ba ku da wannan. Fita ɗaya ce da safe, dawowa ɗaya da yamma, don haka jakar baya ita ce ɗakinku: gorar ruwa, burodi da cuku ko dabino, rigar ruwa marar nauyi, ƙaramar darduma, da batirin ajiya na cajin waya, domin wurin tanti mai lantarki ya fi tsada. Takalmi kuma wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi a kan titin dutse na Faris, kafin la'asar ya fitar maka da bororo.

Ranar farko ga yadda zan yi da ni ne. Daga Porte Maillot ku miƙe zuwa Arc de Triomphe, babbar ƙofar tarihi wadda aka kammala a 1836. Tituna 12 ne suka haɗu a shataletalen, kada ku ce za ku tsallaka ta sama, akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa. Sai ku gangara Champs-Élysées, kusan kilomita 2. Gaskiya ni titin nan bai taɓa burge ni ba, kantuna ne masu tsada da 'yan kallo irinku, ku wuce shi da sauri. A ƙarshensa, dandalin Concorde, akwai dogon ginshiƙin dutse da aka kwaso daga Luxor ta Masar, shekarunsa sun haura 3,000. Daga nan ne tafiya take daɗi: lambun Tuileries da kujerunsa na ƙarfe da kowa ke iya ja ya zauna kyauta, harabar gidan tarihin Louvre, sannan ku sauka bakin ruwa inda aka hana motoci, ku bi shi har tsibirin da majami'ar Notre-Dame take, wadda ta yi gobara a Afrilun 2019 aka sake buɗe ta a Disambar 2024. Ku haye kudu, ku ƙarasa Babban Masallacin Faris. An buɗe shi a 1926 don tunawa da Musulmin da suka mutu suna yi wa Faransa Yaƙin Duniya na Ɗaya, hasumiyarsa mita 33, gininsa irin na Magrib. Ku yi alwala, ku yi salla, ku sha shayin na'ana'a a gefensa. Duka tafiyar ba ta kai kilomita 8 ba, amma da tsaye-tsaye za ta cinye yinin. Komawa kuma a jirgin ƙarƙashin ƙasa, babu abin kunya a ciki.

Wata dabara da za ta rage muku kallon waya: a titunan da suka taso daga kogi, lambobin gidaje suna farawa ne daga bakin ruwa. In ka ga lamba tana raguwa, kogi kake nufa. Allon sunan titi kuma yana ɗauke da lambar gunduma, ɗaya daga cikin 20.

Ruwa kada ku saya. Za ku riƙa ganin wasu famfunan ƙarfe koraye masu siffar mata huɗu ɗauke da rumfa. Wani attajirin Ingila, Richard Wallace, ya biya kuɗin kafa su tun 1872, kuma ruwansu na sha ne. Banɗakunan kan titi masu launin toka su ma kyauta ne.

Wata ranar ku ba arewacin gari. Ku hau tudun Montmartre da sassafe kafin rana ta yi zafi, a matakala. A gindinsa akwai samari masu kama hannun baƙo su ɗaura masa zare su ce ya biya. Hannu a aljihu, a wuce. Mai miƙo takarda a sa hannu ma haka, abokin aikinsa mai yankan aljihu yana bayanka. In kun gama kallon birnin daga sama, ku gangara gabas zuwa unguwar Château Rouge. Kasuwar titin Dejean ta 'yan Afirka ce: kuɓewa, busasshen kifi, manja, doya, attaruhu, ga mahauta masu naman halal. Ku yi cefane ku koma ku dafa a ƙaramin murhun gas. Wutar itace ba a yarda da ita a wurin tanti ba.

Hasumiyar Eiffel ku kalle ta daga dandalin Trocadéro, kyauta. Louvre kuwa a ware mata yini nata, ban da Talata da take rufe, kuma mazaunin Tarayyar Turai da bai kai shekara 26 ba yana shiga ba tare da biya ba in ya nuna shaida. Rashin Faransanci ba zai hana ku komai ba muddin kun fara da gaisuwa. Shiga kanti babu "bonjour" a wurinsu rashin kunya ne, kamar shiga zaure babu sallama.

TAMBAYA: Malam, ina zaune a Beljiyam da maigidana, muna shirin irin wannan hutu. An ce mini mai hijabi ba ta yawo a Faris. Gaskiya ne?

AMSA: Ba haka ba ne, Hajiya. Hijabi a kan titi, a kasuwa, a gidan tarihi, babu dokar da ta hana. Abin da aka hana tun Afrilun 2011 shi ne rufe fuska a bainar jama'a, wato niƙabi, kuma akwai tara. A shekarar ce kuma aka dakatar da jam'in salla a kan titi, don haka ki tsara tafiyar yadda azahar ko la'asar za ta same ku kusa da masallaci. Babban Masallacin yana da sashen mata. A wurin tanti ki roƙi a ba ku fili kusa da banɗaki, domin a Agusta asuba tana yi tun wajen ƙarfe biyar, kuma ciyawa a jiƙe take da raɓa a lokacin. Ki tafi da tocila da silifas.