Ina Zan Kai Yara a Dogon Hutu?

Tambaya: Anti, za mu zo Kano da yarana uku a watan Agusta. Kullum suna kan waya. Ina zan kai su su ga wani abu namu na gargajiya? — Wata uwa daga Kaduna

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara da marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Ki je da safe, kafin hadari ya haɗu.

Ki sa su tsaya a bakin karofi su zuba ido. Marini zai tsoma farin yadi cikin ruwan baba da toka, ya ɗago shi kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gabansu. Ranar da na kai 'yar ƙanwata, sau uku ta roƙi a sake mata. Daga nan ku leƙa wurin masu bugu, ku ji yadda sandunan ke sauka a kan yadi kamar kiɗa, har ya ɗauki sheƙi.

In lokaci ya rage, Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi, na kusa da fadar Sarki. Kada dai ki sa musu fararen kaya, baba ba ya fita da sauƙi.